Ranar da Mutaru Ya Kaɗa Bes a Tsugune

Jama'a, a matsa gefe, a ba da hanya. Ga Mutaru ɗan zangon Kumasi, sarkin igiya huɗu na unguwar Morris Heights a New York, mai sa tagogin maƙwabta rawa, wanda aka kai ƙararsa wajen mai gida sau uku a wata ɗaya bai daddara ba. In kun gan shi da safe a jirgin ƙasa mai lamba huɗu, da rigar masu jinya da kwanon shinkafa da wake, ba za ku ce ya iya ko tafi ba.

Abin da yake kaɗawa ana kiransa bes. Jita ce mai dogon wuya da igiya huɗu masu kauri, wadda ba ta waƙa sai gurnani. Asalin ƙaunarsu kuwa katanga ce. Gidansu a Kumasi manne yake da wata coci, duk Lahadi in kiɗa ya tashi sai katangar ta tace shi, muryoyi da ganguna su tsaya can, gurnanin nan kaɗai ke ratsowa yana girgiza kwanukan uwarsa. Shekaru ya yi yana zaton waƙar ke nan gaba ɗayanta. Sauran iliminsa ya tsinto shi a gidajen biki, a gefen masu goge da ƙwarya.

Da ya sauka New York a 2011 sai ya samu aikin kula da wani tsohon Bature, Mista Frank, wanda shanyewar jiki ta kashe masa hannu ɗaya. Ashe a zamaninsa ɗan kiɗan rok ne. Tsohon ya lura duk sanda ya sa faifai, mai jinyarsa na bin bes da maƙogwaro yana guga. Ya sa aka zaro masa tasa daga ƙarƙashin gado, ya koya masa da baki da sanda. In ya yi kuskure a ƙwanƙwasa masa ƙauri, in ya yi daidai a ce ya kawo shayi.

Bayan shekara uku wata mawaƙiya ƴar Dominika mai suna Rosa ta ɗauke shi cikin ƙungiyarta. Ta ce yatsunsa na tafiya kamar wanda ba ya saurin zuwa ko'ina, kuma shi ya sa kowa ke iya jingina da shi. Aibinsa ɗaya ne: gaisuwa. Ran nan suna tsakar wasa a filin shaƙatawa ya hango wani dattijon masallacinsu, ya ajiye jita ya sauka ya gaishe shi har da tambayar mutanen gida. Waƙar ta zube kamar an zare wa rumfa ginshiƙi. Ya sake maimaitawa a wani bikin makaranta. Rosa ta kira shi gefe, ba faɗa ba hayaniya, ta gaya masa in ya ƙara tsayawa a tsakiyar waƙa, ko wa ya gani, ya nemi wata ƙungiyar. Ya yi ƙoƙarin fahimtar da ita cewa a wajenmu ba a ganin babba a kau da kai. Ta ce to ya riƙa rufe ido.

Ya kuwa riƙa rufewa, aka zauna lafiya har bazarar 2016, ranar da aka tare wani titi a Morrisania don bikin unguwa. Wajen la'asar ne, rana na dukan kowa, suna waƙa ta uku, tsautsayi ya sa ya buɗe ido ɗaya. Gaban dandamali ga matarsa Fusena da akwati, kusa da ita ga mahaifinta, Alhaji Tamimu, da babbar riga da laima. Shekara biyar rabon Mutaru da Alhajin su haɗu. Alhajin ya sauka ne wajen ɗansa a unguwar Park Hill, sai gobe ake sa ran sa, ya ga dama ya taho yau, mukullin gidan ɗaya tilo kuma na aljihun Mutaru.

To, suruki ba dattijon masallaci ba ne. Ba a tsaya masa a kai, balle daga kan dandamali da takalmi a ƙafa. Mutaru ya dubi Rosa, ta zuba masa idon da ya fi magana. Ya dubi Alhaji, shi kuma ya gyara tsayuwa yana jiran haƙƙinsa.

Sai ya taka dugadugin takalminsa ya zare ɗaya, ya zare ɗayan, ya matso bakin dandamali, ya sulale ƙasa ya tsuguna, jita a cinya, yatsu ba su fasa tafiya ba.

"Baba, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

Alhaji bai rage masa ko ɗaya ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin garin, ya isar da gaisuwar mutanen Kumasi gida-gida, duk da ƙarfi saboda sifika. Mutaru na sunkuye yana "lafiya lau, Baba", yana sauya igiya a inda ake sauyawa. Taron kuwa suka ɗauka sabon salo ne. Ihu ya tashi, wayoyi suka yi sama, mai jita ɗayan ma ya zube a gwiwa kusa da shi don kada a bar shi a baya. Alhaji ya ɗaga masa laima ya amsa, ya ce wa Fusena yaron nan Bature yana da tarbiyya.

Da aka tashi Rosa ta tambayi mai ganga ko bes ta tsaya. Ya ce ko sau ɗaya. Sai ta ce yarjejeniya dai ba a karya ta ba, a haɗu rihasal ranar Talata.

Ni kuwa na tare shi yana neman takalminsa ƙafa ɗaya, na ce, "Yaya Mutaru, yau ka kafa tarihi. Tun da aka fara kiɗan rok ba a taɓa ganin irin wannan ba. Me ya zo maka a rai?"

Ya leƙa bayan sifika, ya ciro takalmin ya kakkaɓe.

"Surukina ne ya zo. Ɗauko masa akwatin."