Shekarar da Muka Sa Gidan Babanmu a Kasuwa

Gidan babanmu a Talata Mafara gidan ƙasa ne, na tubali da azara. Kakanmu ya fara shi, babanmu ya ƙarasa. Zaure biyu gare shi, da soro mai sanyi inda Baba yake ajiye gero da littattafansa, da ɗakuna huɗu a cikin gida, da rijiya a bayan ɗakin girki. Da aka fara aikin madatsar ruwa ta Bakolori, gari ya cika da baƙi: direbobin tifa, masu walda, leburori daga ko'ina, wasu ko Hausa ba su ji. Kowa na neman wurin kwana. Baba ya yanki gefen filin da muke ɗaure awaki, ya gina ɗakuna uku a jere, ya fitar musu da ƙofa ta waje, ya zuba 'yan haya. A shekarun nan har mutum biyu suka zo suka taya gidan gaba ɗaya, ya ce ba na sayarwa ba ne.

Aikin ya zo ya ƙare. Aka kwashe manyan injina, 'yan hayarmu suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshensu ya bar mana tsohuwar hular kwano da risho marar lagwani. Ba a jima ba Allah ya yi wa Baba rasuwa.

Mu uku ya bari, da mahaifiyarmu da muke kira Inna. Wana yana aiki a Sakkwato, ƙanwata tana aure a Bakura, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Maradun. Babu wanda zai dawo ya zauna. Gidan ƙasa kuwa ba ya son kaɗaici, duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, ga Inna gwiwoyinta sun fara ba ta wahala wajen jan guga. Bayan ta fita takaba muka zauna a zaure muka yi shawara: a sayar, a raba gado, Inna ta koma wurin ƙanwata. Inna ta ce to. Da yake ni ne mafi kusa, sai abin ya faɗo a kaina.

Na sami wani dillali, gajere mai fara'a, kullum a kan keke, kullum da goro a kunci. Ya zaga gidan hannuwansa a baya, ya fito ya tsaya a ƙofa yana kallon bango.

"Malam," ya ce, "da shekara ukku baya kaz zo, kahin la'asar mun gama. Yanzu hwa gidajen siminti na nan jibge, waɗanda anka gina ma ma'aikata, da kwano da taga mai gilashi, babu mai tayawa. Manoma ko ka san halin da su ke ciki."

Na sani. Da yawa daga cikinsu sun yi damina biyu, wasu uku, ba su shiga gonakinsu ba ana gyaran fili da haƙa hanyoyin ruwa. Hannun kowa a bushe yake. Wanda kuwa yake da ɗan abin hannu, bulo da kwano yake so, a gan shi a ce ya waye.

Haka na shiga zirga-zirga. Ran Talata, da yake ranar kasuwa ce kuma baƙi kan shigo gari, ina tashi daga makaranta sai in hau babur in taho, ko Allah zai kawo mai saye. Sau da yawa in tarar da dillalin zaune a zaure shi kaɗai, Inna ta aiko masa da fura. Mu gaisa, mu tambayi juna gajiya da iyali da sanyi da zafi, in koma.

A wata na uku dillalin ya kawo wani Alhaji mai sayar da kayan mota. Ya shigo da takalmi mai ƙara, yana duƙawa a kowace ƙofa yana riƙe hula. Tambayarsa ta farko ita ce ina mota za ta shiga. Kafin in buɗe baki, Inna ta yi magana daga bakin ɗakinta, inda take zaune tana tsince wake.

"Alhaji, sannu da zuwa. Mota ba ta shiga lungun nan in an yi ruwa. Kuma ɗakin can na kudu yana ɗiga, daidai kan gado. Rijiyar ma tana ja baya in bazara ta yi nisa."

Alhajin ya yi godiya, ya ce zai yi shawara. Ba mu sake ganinsa ba.

Bayan mun raka shi, dillalin ya ja ni gefe. "Malam, don Allah ka yi ma Inna magana. Ni ina yabo, ita tana kushewa. Ta ina ciniki zai hito?"

Na shiga na zauna kusa da ita, na ɗauki wake ina taya ta tsincewa. A raina na zaci ba ta son barin gidan ne, take korar mutane da dabara. Na ce, "Inna, in ba ki son a sayar, ki gaya mini, sai a fasa."

Ta dube ni. "Wa ya ce ba ni so? Na gaji da hawa da sauka. Amma ubanku bai taɓa saida ko akuya ba sai ya hwaɗi aibinta. Ba ni bari a ci kuɗin mutum da gidanai bayan ba shi da rai."

Ban sake ɗaga maganar ba. Daga ranar, duk wanda ya zo sai ya ji lissafin Inna: ɗigar ɗakin kudu, rijiya, garar da ta taɓa cin azara biyu a zaure na ciki, da jemagun da suka tare a ɗakunan haya. Wani ma'aikacin gona ya zo da matarsa, ita ta leƙa ɗakin girki ta ga baƙin hayaƙi na shekara arba'in, ta fito tana toshe dariya da gyale. Wani ya ce zai saya ya rushe ya yi shaguna, amma abin da ya taya ko fili babu gini ya fi shi daraja.

Dillalin ya ba ni shawara in yi wa gaban gidan siminti in shafa farar ƙasa, ko ido zai kama. Na yi. Mako biyu gidan ya yi fes kamar ofis, masu wucewa suna yi mini barka. Inna ta fito ta duba, ta ce, "Ya yi kyau," ta koma ciki. Da ruwan farko ya sauka, danshi ya shiga tsakanin siminti da ƙasa, abin ya kumbura, ya riƙa ɓamɓarowa fale-fale yana jan yaɓen asali. Gaban gidan ya koma kamar mai ƙyasfi. Wana ya aiko da wasiƙa daga Sakkwato yana tambayar me ake ciki. Na ba shi amsa da layi uku.

Damina ta wuce, aka yi girbi, shekara ta zagayo. Har na fara sabawa. Tafiyar Talata ta zama ziyarar Inna kawai: in kai mata kifi daga wurin masunta na bakin dam, ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka, mu yi hirar mutanen da. A wannan shekarar ce na ji labarai game da Baba da ban taɓa ji ba, har da yadda ya taɓa faɗowa daga kan soro yana gyaran indararo, ya hana ta gaya wa kowa.

Wata Talata na iso na tarar da dillalin tare da wani dattijo dogo, siriri, da riga mai launin ƙasa da ta sha wanki. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Dillalin ya raɗa mini cewa kada in sa rai sosai, mutumin ƙauye ne. Ƙauyensu na cikin waɗanda ruwan dam ya cinye ta wajen Maradun. An mayar da su wani tudu mai duwatsu, ya zauna can shekaru, bai ji daɗin wurin ba. 'Ya'yansa biyu sun sami aikin ban ruwa kusa da Mafara, shi ya sa yake neman inda zai tara iyalinsa.

Dattijon bai tambayi komai ba da farko. Ya tsaya a gaban gidan, ya sa farce ya ɓamɓari simintina, ya murza ƙasar da ke ƙarƙashi a tafin hannu.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Na ce, "Ni na sa aka yi, Baba."

"Allah shi kyauta," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Ƙasa na son ta sha iska."

Muka shiga. A zaure ya ɗaga sandarsa ya riƙa ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai yana saurare. A kan biyu ya tsaya ya sake bugawa. Ya shiga soro ya daɗe, har na leƙa, na same shi tsaye kawai, tafin hannunsa a jikin bango.

Inna ta yi masa sannu da zuwa daga bayan labule, ta fara karatunta. Dillalin ya sunkuyar da kai.

"Ɗakin kudu na ɗiga."

"Na gani, Hajiya. Ba ruhin ɗakin ne ba, bakin indararo ne yat toshe, ruwa na kwana bisa. Aikin yini guda ne."

"Gara ta ci azara a zaure."

"Biyu. Ta ukku da ta bakwai in an ƙirgo daga ƙohwa. Sauran lahiya lau su ke, giginya ce tsohuwa."

Na ji motsin labule. "Rijiya na ja baya da bazara."

"Gaba nawa?"

"Kamar biyu."

"Tana ƙahewa?"

"Ba ta taɓa ba."

Ya yi murmushi, karo na farko. "Inda mu ke zaune yanzu, mata na tahiya tun hantsi su dawo azahar da tulu guda."

Ashe magini ne. Ya ce shekara talatin yana gini a ƙauyensu da kewaye, har masallacin Juma'arsu da hannunsa a ciki, kuma duk suna ƙarƙashin ruwa yanzu. Ya faɗi haka ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Ya ce in ruwa ya ja baya sosai da rani, masu kwalekwale kan ce suna ganin kan wata tsamiya da ke ƙofar gidansa, amma shi bai taɓa zuwa dubawa ba. Inna ta ce a kawo masa ruwa, sannan ta ce a'a, a dama masa fura. Ya sha a tsakar gida, zaune a kan turmi da aka kife, suna hira da ita ta bayan labule a kan yadda ake jiƙa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi don ruwa ya zame. Ni da dillali muka zama 'yan kallo.

Abin da ya taya bai kai abin da muka sa rai ba, bai ma yi kusa da abin da aka taya wa Baba a shekarun aiki ba. Ya faɗa a fili cewa iyakar ƙarfinsa ke nan, bai ɓoye komai a baya ba. Na ce ya ba ni mako biyu.

Ran Asabar na tafi Sakkwato. Wana ya ce mu ƙara jira, kasuwa ba ta dawwama a kwance. Na ce masa shekara guda da rabi nake jira, kuma damina ɗaya nan gaba ba tare da hannun mai gyara ba, abin da za mu sayar kango ne. Ya juya makullin motarsa a hannu, sannan ya tambaya, "Inna me ta ce?"

"Ta ce mutumin ya san gida."

"To, shi ke nan. Allah ya sa albarka."

Ƙanwata a Bakura ko zama ban yi ba ta ce ta yarda. Ta riga ta share ɗaki ta sa sabuwar tabarma tun bara.

Aka yi ciniki a zauren mai unguwa, da shaidu, aka rubuta takarda, liman ya yi addu'a. Dattijon ya ce kada Inna ta yi gaggawa, ta zauna har ta shirya. Ta yi kwana goma tana rabon kaya: tukwane ga maƙwabta, tsohon dutsen niƙa ga wata jikar ƙawarta, littattafan Baba gare ni. Ta shiga gida-gida a unguwar ta yi sallama, ta nemi gafara, aka yi koke-koke kaɗan.

Ranar tafiya na ɗauko akori-kura. Muka ɗora gado da akwatuna biyu da kwalla da 'yan kaji a cikin kwando. Inna ta zauna gaba, tsakanina da direba. Na yi zaton za ta waiwaya, ba ta waiwaya ba, tana ta gyara ƙullin goronta.

Da muka fita gari muka kama hanyar Bakura, sai ga filayen ban ruwa shimfiɗe dama da hagu, kore shar, a tsakiyar rani. Inna ta yi shekaru da yawa ba ta fita Mafara ba. Ta dafa gaban mota ta miƙa wuya.

"Mine ne wancan?"

Direba ya ce, "Alkama ce, Inna."

"Alkama? Duk wannan?" Ta ce ya tsaya. Ya tsaya a gefen hanya, na riƙe mata hannu ta sauko a hankali. Ta taka har bakin hanyar ruwa, ta tsaya tana kallon yadda ruwa ke tafiya shi kaɗai cikin siminti, babu mai ja, babu mai ɗauka. Wani manomi da ke kusa ya gaishe ta, ya tsinko mata zangarniya uku. Ta murza ɗaya ta hura, ta jefa ƙwayar a baki ta tauna.

"Ba ta nuna ba tukuna," ta ce. "Mu tahi, kada su yi ta jiranmu da abinci."