Wutar da Dokita Salifou Ya Kunna da Bakinsa

Faransawa suna kiransa Mushe Salifou. Mu da muka san abin da ake kira mushe, sai muka tausaya masa muka ce Dokita. Ɗan Kpangalam ne a Sokode, Bakotokole, dogo siriri, kunnuwa kamar marfin tukunya. Wajen ƙarshen mulkin Faransa aka turo shi Dapaong, kuma nan ya tsufa, shi kaɗai a ɗakin magani: shi ne mai allura, shi ne mai cire haƙori, shi ne ungozoma idan haihuwa ta gardama. Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa.

Shi ya gano ciwon daji a wuyan Fulera mai koko. Ya yi ta naci har aka kai ta Lome, daga can jirgin ruwa zuwa Dakar, inda ake haska irin wannan ciwo da wani inji. Ta dawo da ranta, wuya ya yi baƙi ya sale, murya ta dushe. Muka cika gidanta da barka, shi ma ya zo duba ta.

"Dokita, me suka yi mata haka?" in ji wata cikinmu.

Bawan Allah ya laluba kalma ya rasa. "An sa masa wuta a ciki," ya ce. "Wuta wanda ba a gani. Yana nan yana aiki."

Nan take kowace mai barka ta tuna ta bar tukunya a murhu. Aka ware wa Fulera kwano da tabarma. Duk wannan ta shanye. Abin da ya ci ta shi ne Awal, jikanta na fari, wanda aka haifa tana Dakar. Shetu, matar ɗanta, ba ta taɓa yi mata rashin kunya ba, amma da tsohuwa ta miƙo hannu sai yaro ya zama yana barci.

Ran nan Dokita yana wanke mata wuya ta ce, "Ɗana, ka ƙwato ni daga kabari, ka raba ni da jikana. A kan wanne zan yi maka godiya?"

Shi ma bai san ko wutar tana kama na kusa ba. An dawo masa da majinyaciya ba bayani, kuma babu wanda zai tambaya sai awakin bayan ɗakin magani. Da wani ne, da ya rantse mata kawai cewa babu komai. Shi kuwa ya hau kamiyo, babbar motar gyaɗa, har Sokode, ya tsare babban likita da tambaya, ya dawo yana tafiya kamar wanda aka daka.

"Babu wuta," ya ce wa matan zongo, unguwarmu. "Ya wuce tun a Dakar. Bakina ne ya yi kuskure."

"Jiya da wuta, yau babu?" suka ce. "Kai ka hura ta ta mutu?"

Ranar kasuwa sai ga shi rungume da jaririyarsa Safiyatu, matarsa Adiza na biye tana zazzaga masa masifa da Kotokolanci.

"Inna Fulera, goya mini shi."

Fulera ta ɗora ta a baya, ta ɗaura zani. Ya sa ta gaba, suka ratsa mahauta da masu gero, shi yana gaisawa da kowa kamar ango, gumi na zuba har cikin kunnuwan nan. Yarinya ta tsotsi wuyan rigar tsohuwa, ta yi barcinta. Da suka dawo Adiza ta fizge 'yarta, ta juya ta gaba da baya, ta shinshina. Ko ƙauri babu.

Shetu tana bakin ƙofa tana kallo. Can ta kwance goyonta, ta durƙusa.

"Inna, waccan 'yar mutane ce. Ga naki."

Fulera ta karɓe shi, ta daɗe tana kallon fuskarsa, hawaye na sauka kan tabon wuyanta. Sannan ta lanƙwasa kunnensa ta leƙa.

"Ke Shetu, wa yake yi wa mijina wanka? Ɗora ruwa."