Rediyo Ta Harɗe Ƙafa

Kafin ta yi atishawa sai ta harɗe ƙafafu. Ba wanda ya lura da haka a shagon kitso sai Doguwa, abokiyar aikinta, wadda kujerarta ke fuskantar madubi, tana ganin kowa ba sai ta waiwaya ba.

Rediyo ake ce mata, don ko an ɗauke wuta bakinta ba ya ɗaukewa. Kitsonta ba laifi, amma ba shi ke cika shagon ba, hira ce. In ta kece da dariya, har mai walda na ƙarshen layi sai ya ɗaga gilashinsa ya duba. Ta haifi biyar, autan da ƙaton kai irin na dangin ubansa, kuma shi ta ɗora wa laifi. Tun daga kansa, ko dariya ko tari ko ɗaga bokiti, fitsari ba ya jiran izininta.

Da fari ɗigo ne. Ran da abin ya wuce ɗigo, tana tsaye a kan wata malamar makaranta, ta koma gida ta ninke zannuwanta masu haske ta tura ƙasan akwati. Ta rage shan ruwa har leɓenta ya tsage. Sannan ta daina dariya. In an kawo labari mai daɗi sai ta cije baki ta ce, "Allah ya kyauta." Wasu suka ce ta tuba, wasu suka ce maigida ne. Maigidan kuwa ya yi ta laluben laifinsa bai gano ba, har ya fara wanke kofinsa da kansa. Mata suka soma zamewa shagon tsallaken titi, don in shiru ne, kowa ta baro shi a gida.

Wata rana shago ba kowa, Doguwa ta ce, "Yaya, famfon ne ya lalace?"

"Wane famfo?"

"Na ƙasa. Na ga kina harɗe ƙafa kamar matar manya."

"Ke dai tsawonki ya cinye hankalinki." Rediyo ta cire gashi daga mataji. "Wa ya gaya miki?"

"Madubi. Ni ma haka na yi bayan 'yan biyu. Akwai masu duba wannan a asibiti. Gobe zan raka ki, in kin ƙi in yi shela."

Rediyo ta tafi da mayafi har hanci. A kan bencin jira ta tarar da biyu daga cikin matan da suka guje wa shagonta. Kowacce ta ce rakiya ta yi, alhali ba kowa a bencin sai su.

Likitar yarinya ce, da alama ko goyo ba ta taɓa yi ba, amma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce akwai tsoka a ƙasan mara da ke tallafe mafitsara, haihuwa ce ta sassauta ta, kuma tsoka tana jin horo. Ta ce ta koma shan ruwa, ƙishirwa ƙara fusata mafitsara take yi.

"Mama, ki matse kamar tusa ta zo miki a gaban surukai. Ki riƙe, sannan ki saki."

"'Yar nan, wannan ai da shi na tsufa a gidan miji."

Don kada ta manta, sai ta haɗa horon da kitso, kowane layi matsa ɗaya. Matsalar ita ce da duk jikinta take matsewa, haƙori, ido, har yatsu. Gashin bayin Allah ya ji jiki. Wata ta fita girarta a sama, ta wuni kamar an ba ta labarin mamaki. 'Yan ragowar masu zuwan ma suka fara neman uzuri.

Da ta koma asibiti tana ƙorafin ba sauƙi, likita ta ce ta yi a gabanta. Likita ta kalle ta kawai ta dafe tebur.

"Mama, fuskarki ba ta yoyo, ki bar ta ta huta. Ki yi numfashi. In kina yi daidai, har magana za ki iya."

"Magana? Ai da kin faɗa tun farko!"

Abin bai zo da gaggawa ba, sai da watanni suka shuɗe, kuma har yau atishawa takan yi mata shigar sauri. Amma 'yan bencin nan sun dawo shago, sun jawo wasu. Ana tsakiyar gulma sai Doguwa ta ce, "Surukai sun shigo!" Sai ka ga mata sun gyara zama, kowa na aikinta a ɓoye, baki bai tsaya ba.

Ranar da mai girar nan ta dawo, ta tsaya a ƙofa ta ɗaga gira ta ce, "Yaya, sai jiya na samu na rufe ido." Dariya ta ƙwace wa Rediyo tun kafin ta harɗe ƙafa. Mai walda ya ɗaga gilashi. Rediyo ta tsaya cak, ta saurari jikinta, ta dubi Doguwa a madubi.

"A bushe," ta ce.

Da yamma ta ciro zanenta ruwan ƙwai daga ƙasan akwati, yana warin ajiya, ta wanke ta shanya a igiya.