Amin Dubu Talatin da Inna Ta Rama

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" take ce mini, in kuwa tana ba wani labarina sai ta ce "direban nan". Mu huɗu ne muka rayu cikin waɗanda ta haifa: ni, da ƙannena mata biyu da ke aure a Tanda, da autanmu, magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda ke dakon kaya a jiragen ruwa tsakanin Gaya da Malanville. Ni mota nake ja daga Gaya zuwa Dosso. Ranar Juma'a ba na lodi, gida nake zuwa.

Garinmu ƙauye ne kusa da Bengou. Da rani Inna takan tafi fadamar Fogha dafa gishiri, sana'ar da ta gada wajen uwarta. A kankare ƙasar gishiri, a zuba mata ruwa a tace, a ɗora ruwan a wuta tun safe har ya ƙone ya bar gishiri, sannan a naɗe a kaba. Hayaƙin wurin ba ya barin idon kowa. Duk wanda ya ga matan nan a bakin murhu zai rantse mutuwa aka yi musu, alhali hira suke suna dariya.

Wata rana wasu samari biyu a kan babur suka tsaya suka sayi gishiri, ɗaya ya ce, "Inna, bari in ɗauke ki hoto." Ta ce ɗauki. Hawaye na zuba, zane ya sha toka, ludayi a hannu. Ta manta da su ma.

Ni a tashar Gaya na ga hoton. Wani direba abokina ya miƙo mini portabul ɗinsa ya ce, "Wannan ba tsohuwarka ba ce?" Ita ce kuwa. A ƙasa an rubuta da Faransanci da Hausa wai wannan baiwar Allah ƴaƴanta duka sun mutu rana ɗaya a haɗarin jirgin ruwa, Allah ya jiƙansu, in kana da uwa kada ka wuce ba ka rubuta amin ba. Na gangara ƙasa, amin ne jere ba iyaka. Cikinsu har da sunan abokin nan da ya miƙo mini wayar.

Na ce, "Kai, ɗan banza, ga ni gabanka ina numfashi ka yi mini addu'ar mamaci?"

Ya ce, "Wallahi hannu ne ya saba, sai da na rubuta na lura da fuskar."

Ban ja da nisa ba, don ni ma na sha rubutawa. Jariri da robar likita a hanci, tsoho a kan tabarma, masallacin da wai ambaliya ta ƙi taɓawa, duk na ba su amin ina jiran fasinja, ban taɓa tambayar ko ƴan wane gari ne ba.

Ina da zuciya, kowa a tashar ya sani. Na zauna na surfa wa mai shafin da ya sa hoton zagi, na haɗa da danginsa. Na rubuta cewa ni ɗanta ne, ina raye, na ci tuwo yanzu. Mutane suka taso mini, wai ba ni da imani, wai ina wasa da hawayen uwa. Na rama, suka rama, kiredin wayata ya ƙare na sake sawa. Sai da wani mai gyaran waya a bakin tasha ya ce mini, "Maigida, duk zagin da ka yi ƙara tura hoton gaba yake. Shi mai shafin abin da yake so ke nan, a taru." Ashe ni nake hura masa wuta. Mai shafin kuwa bai taɓa ce mini uffan ba, har yau ban san ko a wace ƙasa yake ba.

Da so samu ne, da maganar ta tsaya a nan. Inna ba ta karatu, wayarta ta kira da amsawa ce. Amma matan fadama sun gani a wayoyin ƴaƴansu, suka riƙa tsokanarta wai ta yi suna a duniya. Da ƙanwata ta zo daga Tanda, Inna ta ce ta karanta mata abin da aka rubuta, kada ta rage komai. Ita kuma sakarya ta karanta duka, har da yawan waɗanda suka amsa. Lokacin sun kai dubu goma sha biyu.

Ranar Juma'a na tarar da Inna a gida, ba a fadama ba. Ta ce, "Kai wannan, zauna. Mutum dubu goma sha biyu sun ce amin a kan mutuwar ɗiyana?"

Na ce, "Inna, wasan yara ne. Yatsa kawai suke dannawa, ko kallon hoton ba sa yi."

Ta ce, "Amin wasa ce? Cikin dubu goma sha biyu ba a rasa mai bakin da ake karɓa."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. A ranar ta aika aka kira auta, ta ce masa ba ta yafe ba in ya sake sa ƙafa a jirgi sai ta ba shi izini. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ni ban shiga dokar ba, tun da a rubutun ruwa aka ce, ba mota ba.

Na kawo mata limamin garin. Ya yi bayani mai kyau: ajali na hannun Allah, ba a rage shi da bakin mutane, kuma neman rahama ko ga mai rai ba ya cutarwa. Inna ta sunkuyar da kai tana cewa, "Gaskiya ne, Malam. Allah ya ƙara sani." Yana fita ta ce, "Shi ba ɗiyansa aka yi wa ba."

Sai na yi dabarar da nake ganin ta wayayyu ce. Na tara mu huɗu, muka sa Inna a tsakiya, kowa da kayan sallarsa, aka ɗauke mu. Na sa a nawa shafin na rubuta ga ƴaƴanta nan da ransu, a taya mu da addu'ar tsawon kwana. Bayan mako ɗaya mutum ashirin da bakwai ne suka ce amin, rabinsu ƴan tasha. Da na gaya wa Inna sai ta ce, "Allah ya yi musu albarka. To bari in yi da kaina."

Ga yadda ta tsara abinta. Duk amin ɗaya da aka rubuta, za ta mayar da addu'a ɗaya: Allah ya raya mata wane da wance da wance da wane, amin. Carbinta ɗari ne. Ta ajiye ƙwarya biyu a gindin gado, ta sa na tsinto mata tsakuwa ɗari da ashirin na zuba a ɗaya. In ta zagaye carbi sau ɗaya sai ta ɗauki tsakuwa ta jefa a ɗayar. Ranar da ƙwaryar farko ta zama wayam, auta zai koma ruwa, ita kuma ta koma fadama. Ba ta haɗa addu'ar da aiki, wai hankali ba ya rabuwa biyu.

Da hoton ya tsaya, da wata ɗaya ya ishe ta. To bai tsaya ba. Duk Juma'a, kafin in sha ruwa, sai ta ce, "Nawa suka ƙaru?" In duba waya in faɗa, ta ce, "Je ka tsinto." Wani makon tsakuwa goma, wani makon arba'in. In fita bayan gida, ƙato da ni da furfura a gemu, ina tsintar tsakuwa kamar mai shirin wasan dara. Ina zubawa ina mita, ina cewa wannan aikin banza ne, ruwa ne ake ɗiba da kwando. Ko kallona ba ta yi.

Aka yi wata biyu a haka. Auta ya koma turin amalanke a kasuwa, abin da yake samu bai kai rabin na jirgi ba, matarsa ta daina gaishe ni da fara'a kamar ni na ɗauki hoton. Murhun Inna a fadama wata ta karɓa aro. Inna kuma ta rame, leɓenta ya bushe, ko ana yi mata magana bakinta na motsi. Iyakar abin da ya dame ni a lokacin haushi ne, ba tausayi ba, gaskiya ɗaya ce.

Wata Juma'a na iso bayan la'asar. A hanya na duba, wani sabon shafi ya kwafi hoton, amin sun ƙaru da dubu takwas. Don kada a sake tura ni bayan gida, na tsaya tun a hanya na cika aljihu da tsakuwa tamanin. Na shiga gidan ba wanda ya ji sallamata. Inna tana bayan zana, a kan buzunta, ta ba ni baya. Ta ɗauka ita kaɗai ce, don haka a fili take yi.

Sunana ta fara faɗa. Cikakke, yadda mahaifina ya raɗa mini, ba yadda ƴan tasha suka gutsure shi ba. Sannan na ƙannena, sannan amin, ta ja ƙwaya ɗaya ta sake farawa da ni. Na tsaya na ji shi ya fi sau ashirin. Shekarata arba'in da shida ban san yadda yake fita a bakinta ba. Na ji daɗi, na ji kunya, kuma a karo na farko na ji tsoron abin nan zai kashe ta kafin ya taɓa ko ɗaya cikinmu. Na koma zaure a hankali na sake sallama da ƙarfi.

Ta ce, "Kai wannan, nawa suka ƙaru?"

Na ce, "Ba su ƙaru ba, Inna. An goge hoton. A dubu talatin ya tsaya."

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Sun tsaya?"

Na ce, "Sun tsaya." Na zauna a karkace don kada aljihuna ya yi ƙara.

Tsakuwa arba'in da ɗaya suka rage mata. Ta gama su cikin kwana takwas, ta toya masar sadaka ta raba wa maƙwabta, ta aika wa auta cewa ya koma jirginsa Allah ya tsare. Ta koma fadama ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka, gishirin da ta samu a shekarar bai taka kara ya karya ba. Amma ta koma cin abinci, ta koma faɗa da jikokinta.

Tsakuwa tamanin ɗin nan ban zubar ba. Na yi niyya, sai na zuba su a gwangwanin tumatir na ajiye a gaban mota, na samo wani gwangwanin na ajiye kusa da shi. Ban ce na yarda da lissafin Inna ba, har gobe ina ganin liman ya fi ta gaskiya. Sai dai ni na yi mata ƙaryar, kuma ta kwanta da hankalinta a kan cewa an rama duka. In ina jiran lodi, ko an tsayar da mu a shingen jandarma, sai in jawo carbi. Fasinja sun ɗauka tuba na yi, abokina mai saurin hannu yana kirana Malam. Na daina rubuta amin a ƙarƙashin hoton kowa, na kuma daina zagi.

Hoton yana nan yana yawo. Yanzu an ce ƴar wata ƙasa ce, ƴaƴan kuma sun zama bakwai. Yakan yi shiru wata biyu, sai wani ya tono shi. Juma'ar da ta wuce na duba, sun ƙaru da ɗari huɗu. Na tsaya bakin hanya bayan garin Bana na tsinci tsakuwa huɗu, na bar su a mota kafin in shiga gida. Inna tana naɗe gishiri a kaba, ta ɗago ta ce, "Kai wannan, ka iso?"