Fim Ɗin da Yaya Ya Gyara a Kasuwar Gwaram

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ina aiki a asibitin Birnin Kudu, a ɗakin wanke ciwo. Yayana, wanda nake bi wa, direban babbar mota ne. Yana ɗaukar hatsi da gyaɗa daga Gwaram ya kai Kano, ya dawo da gishiri da kananzir da kwanon rufi. Duk zuwan da zai yi Kano sai ya shiga silima kallon fim ɗin Indiya. Indiyancin da yake ji bai wuce kalma biyar ba, amma in ya kalli fim sau ɗaya ya haddace shi ke nan, har inda jaruma ta ɗaga gira.

Ranar kasuwar Gwaram, in an gama sauke kaya, yakan zauna a rumfar wani mai gyaran keke, mutane su kewaye shi ya ba su labarin fim ɗin da ya gani. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar silima ba. Shi ne jarumin, shi ne mugun, shi ne uwar da aka raba da ɗanta. Na sha ganin manoma masu furfura suna goge ido da bakin riga.

A irin finafinan da yake so, ɗan barkwanci yakan leƙo sau biyu ko uku, a ɗan huta da kuka, ya koma. To a lokacin ne aka fara kawo wasu sababbi waɗanda daga farko har ƙarshe barkwanci ne. Yaya ya kalli biyu, ya ce ba zai ɓata bakinsa a kansu ba.

Muna da wani likita Ba'indiye, ɗan gajere, mai sanyin hali, yana jin Hausa daidai gwargwado. Yana da injin majigi a gida, wani abokinsa kuma yana aiko masa da finafinai daga Kano. Wata rana ruwan lagireto ya ƙona Yaya a hannu, ya zo ina wanke masa, Likita ya tsaya suka yi hira. Da ya ji abin da Yaya yake yi a Gwaram, sai ya gayyace mu gidansa ranar Lahadi bayan azahar. Ya ce an aiko masa da sabon fim na ban dariya, wanda a garinsu layi ake yi a kansa.

A garejin motarsa muka kalla. An toshe tagogi da barguna, an rataya farin zanen gado a bango. Mu uku ne, sai matarsa da ta kawo shayi ta fita.

Ba zan manta da jarumin ba. Mutum ne wanda a Birnin Kudu da tuni ya aurar da jikarsa, amma aka ɗaura masa gashin aro, aka matse shi cikin jar riga, aka ce wai ɗan makaranta ne. In ya ruga da gudu tumbinsa yana gaba shi yana biye. Wadda aka ba wa matsayin uwarsa kuwa, rantsuwa zan iya yi ya girme ta. Budurwar da yake so ba ta da aiki sai ƙara. A taɓa ta ƙara, a kira sunanta ƙara, ta ga ɓera ƙara. Labarin kuma wai jarumin yana son shiga gidansu yarinyar, sai ya ɗaura zane ya zama mai aikatau, da gashin bakinsa da komai, kuma duk gidan babu wanda ya gane, har uban yarinyar ya fara sonsa. Bayan wannan babu sauran labari. Sai a faɗa kwata, a fito, a sake faɗawa. Na ƙirga mari har na gaji, kowanne da ƙarar ganga a bayansa don a sanar da mu cewa nan ne wurin dariya.

Likita yana fassara mana maganganun. Da farko yakan yi dariya kafin ya fassara. Amma duk wadda ya juya zuwa Hausa, sai ta fito tsirara, mu ga babu komai a cikinta: wannan ya kira wancan jaki, wancan ya ce ai ubansa ne jakin. Can sai ya daina dariyar, daga baya ya daina fassarar.

Mutum ɗaya ne ya san aikinsa a fim ɗin, wani siririn dattijo da ya fito a matsayin kuku. Ba ya zare ido, ba ya ihu. Akwai inda ya shigo da faranti ya tarar da mai aikatau tana aske gemu. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi rezar, ya ajiye farantin a hankali, ya fita ya ja ƙofa. Nan kaɗai na ji Yaya ya yi wani ɗan sauti ta hanci. Duka-duka fitowar dattijon ba ta kai minti biyar ba.

Da aka gama, Likita ya cire bargo ɗaya, haske ya shigo, ya tambayi Yaya yadda ya gani.

"Likita, ba su da kunya," in ji Yaya. "Suna da mutum irin kukun nan a hannunsu, suka ba shi faranti. Wancan kuma da ya kamata a ba shi sanda da tabarma, suka ba shi yarinya. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama da mutane ya ji abin da yake ba su dariya ba."

Na ji tsoron ko Likita zai ji haushi, don a ƙarƙashinsa nake aiki. Sai ya yi murmushi ya ce ai matarsa ta riga Yaya faɗa, shi ya sa ta fita. Ya ce shi kansa kallonsa na uku ke nan, kuma ba don dariya ba, don titin da ake nunawa a farko yana kama da na unguwarsu.

Matsalar ita ce Yaya ya riga ya cika baki a Gwaram cewa zai kalli sabon fim a gidan Ba'indiye. Ranar kasuwa na je Gwaram gaida Innarmu, na biya rumfar, na tarar an cika har bakin hanya. Ina jiran in ji ya ce musu fim ɗin banza ne. Sai na ji ya fara da kuku. Ya mayar da shi mai labarin. Ya ce tun ranar farko kukun ya gane mai aikatau namiji ce, amma ya yi shiru, ya riƙa ɗora mata daka da wanke-wanke da tsifar kan uwar gida, shi yana kwance a inuwa. Kwata da mari duk ya zubar da su. Babu ko ɗaya daga abin da ya faɗa game da kukun a cikin fim ɗin, in ban da aske gemun. Mai gyaran keke ya yi dariya har ya zauna a cikin kwanon ruwan da yake gwada tub.

A cikin masu saurare akwai wani Alhaji mai sayen fata, mutum mai zafin rai wanda ba ya son wargi. Abin ya shige shi sosai. Da fim ɗin ya zo silima a Kano, ya ɗauki abokansa biyu suka je takanas, yana ta ba su labarin kuku a hanya.

Kasuwar da ta biyo baya ya iso rumfar ko sallama bai gama ba.

"Malam direba, ina kukun da ka ce? Na zauna awa uku ina jiran sa. Wani ƙaton tsoho na gani da zane yana murguɗa baki. Ka sa na kai mutane masu mutunci sun kalli wannan."

"Alhaji, ka yi haƙuri," in ji Yaya. "Abin da na gani ba ya faɗuwa a gaban manya. Shi ya sa na gyara."

Alhaji ya ce to shi zai faɗa yadda yake, don a san gaskiya. Ya tsaya ya bayar da shi tiryan-tiryan, da kwatar da marin da ƙarar yarinyar, yana yi yana tsaki. Babu wanda ya ko murmusa. Wani tsoho ya tambaya ko da gaske mutane suke barin aikinsu su je kallon wannan, Alhaji ya ce da idonsa ya ga masu tafi. Tsohon ya ce Allah ya sawwaƙe.

Aka roƙi Yaya ya maimaita nasa, ya ƙi. Ya ji kunyar abin fiye da yadda ya nuna, ya faɗa mini a hanya cewa bai taɓa ƙara ko kalma a fim ba sai wannan karon. Daga ranar bai sake kawo na barkwanci rumfar ba, ko an tambaye shi.

Shi da Alhaji kuwa sai suka zama abokan tafiya. In Yaya zai shiga Kano, Alhaji yakan loda fatunsa a baya ya zauna a gaba. Su je ƙofar silima tare, su tambayi mai yankan tikiti ko akwai wanda yake mutuwa a fim ɗin yau. In ya ce akwai, su shiga. In ya ce babu, dariya ce zalla, sai su juya su nufi wurin mai tsire.