Gidan Anti

Ban san wata daula da ta taɓa kafuwa a kan tushe mai ƙarfi kamar shagonmu na Samaru ba. Sauran dauloli da takobi aka kafa su. Tamu da tiren shinkafa da wake aka kafa ta, da tsofaffin kwamfutoci, da janareto mai tarin fuka.

Mu uku ne. Ni ne manaja, saboda na fi iya Turanci, kuma na fi rashin iya komai. Abokina shi ne injiniya. Sai Anti, matar wani mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, wadda ke buga wa ɗaliban jami'a aikin kammala karatu. Ranar da ta fara aiki ta faɗa mana sunanta, suna ne mai tsawo irin na Kudu, muka ce ya yi wa ƙauna nauyi, muka mayar da ita Anti.

Aƙidarmu ita ce a nan babu oga babu yaro, 'yan gida ɗaya ne. Ni na ƙirƙiro ta, nakan kuma yi huɗuba a kanta da azahar, hannuna cikin tire. Anti ta ɗauki zancen da gaske. Ranar sunan ɗana ita ta tsaya a kan tukunya tun safe, har surukata ta tambaya ko daga wane ɗaki take a danginmu.

Da Anti ta haihu ta dawo aiki, sai ta gaya mana dangin mijinta sun fara ƙorafi. Wai me mai jego take nema kullum a Samaru wurin Hausawa, alhali ga shagon mijinta? Ta ce musu ba Hausawa ba ne, yayyenta ne, kuma za su gani da idonsu ranar Lahadin da za a kai jaririyar coci, don za mu zo liyafa a gida. Idan sun gan mu, za a bar ta ta ci gaba da aiki.

Ta fara yi mana kwatance: a Chikaji ne, idan mun sauka daga mota... Na ɗaga hannu.

"Haba Anti, yanzu ɗan gida ake yi wa kwatancen gidansu?"

Ta yi dariya, ta ji daɗi har cikin ranta. Ni na ɗauka injiniya ya san gidan. Shi kuma ya ɗauka mutum ba zai yi irin wannan magana ba sai ya sani.

Muka sauka a Chikaji cikin manyan riguna, muna rungume da bahon wankan jarirai. Lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba. Muka tsayar da wata dattijuwa mai dawowa daga coci, muka ce gidan Anti muke nema. Ta ce wace Anti? Ita ma Anti ce, maƙwabciyarta ma haka. Ta tambayi sunan mijin, muka dubi juna. Ta ce to sunan babban ɗanta, don da shi ake kiran mace a unguwar. Injiniya ya ce yana jin namiji ne.

Muka yi ta bin sautin kiɗa. Mun shiga liyafa guda, an ba mu lemo, ashe ta ritayar wani ma'aikacin jirgin ƙasa ce. Da la'asar muka koma Samaru da bahonmu.

Ran Litinin Anti ta zo da kula cike da shinkafa dafa-duka da naman kaza, ta juye a tire. Na fara jawabin da na shirya, mai sassa da misalai. Ta bar ni na kai tsakiya.

"Ku ci, Yaya, rabonku ne. A gaba aka ajiye muku kujeru. Surukina bai bari kowa ya zauna a kai ba, har aka tashi."

Muka ci. Wannan ne abin da ya fi damuna, mun cinye tas, kuma abincin ya yi daɗi.

Ƙarshen watan ta koma shagon mijinta. Mun yi mata walimar ban kwana, na sake magana a kan zumunci, ta tafa. Na so in tambaye ta abu ɗaya, amma wanda ya shekara yana cin tire ɗaya da mutum ba shi da bakin yin wannan tambayar.

Har yau ban san sunanta ba.