Jan rubutun da ke bayan motar Baba

Shekara shida ke nan da rasuwar Baba, amma sai bana na daina leƙen bayan duk farar bas ɗin da ta wuce ni a titi.

Baba direba ne, yana jigila daga Masaka zuwa cikin garin Abuja. A ƙofar bayan motarsa ya sa an rubuta da jan fenti: Mai Tsarki ga Ubangiji. Ni tun ina sakandare rubutun nan haushi yake ba ni. Motar da sai an ɗaure ƙofarta da igiya, ina ita ina tsarki? Na faɗa masa haka ido da ido. Ya ce akwai annabin da ya hango ranar da Ubangiji zai zama sarkin duniya duka, a ranar har ƙararrawar wuyan doki za ta ɗauki wannan rubutu, tukunyar miyar kowane gida kuma ta zama abu mai tsarki kamar kwanonin Haikali, ɗakin Ubangiji. "Ni ba ni da doki, Rifkatu," in ji shi. "Wannan akwalar ce dokina."

Kuma da gaske yake. Kujerar mutum uku ba ya cusa huɗu. In ya ga tsohuwa da kaya, sai ya kai ta inda za ta iya sauka, ko na baya za su fasa masa kunne da hon. Matan da ke zuwa sarin kifi kasuwar Kado, Musulmi da Kirista, sukan bar motoci su wuce, su jira mai jan rubutu.

Abin da ya hana ni sakewa ke nan. Da ya rasu, yayana Bulus ya ba dillali motar, bai ma san wanda ya saya ba. Sai ga 'yan wan-cans sun cika gari, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi su jefar a hanya. Duk labarin da na ji, tambayata ɗaya ce: wace irin mota? Ina ta hango wata baiwar Allah ta ga rubutun Baba, ta saki jiki ta shiga. Na tsare Bulus, me ya hana shi gogewa kafin ya sayar? Ya ce ya ɗauko fenti, hannunsa ya ƙi.

Da Baba zai ga yau, yadda sai mun ɗauki hoton lambar mota mun tura gida kafin mu shiga, na san tsaki zai ja. Yakan ce direban da ake tsoro ya koma ya nemi wata sana'a.

Watan jiya na je Zuba sayen lemo, sai ga ta. An cire kujeru, an shaƙe ta da kankana, rubutun na nan raɗau. Ina zagaya ta, wani dattijo Bakatsine ya taso daga benci.

"'Yata, lafiya kike zagaye min mota? Saye za ki yi ko kamu?"

"Baba, ta mahaifina ce. Ba ku goge wannan ba?"

"Sau biyu ana mata fenti, ina cewa a kauce masa. Na karanta, ban ga ƙarya a ciki ba. Yaran da ke min lodi ma in za su ɓoye ruɓaɓɓiyar kankana a ƙasan lodi, shi nake nuna musu."

Na zauna a bencinsa. Ashe duk shekarun nan kankana take ɗauka.

Ranar da annabin ya hango ba ta zo ba tukuna, duk mai shiga mota a Abuja ya san haka. Baba bai bar mana gida ba, bai bar fili ba. Ya bar mota ɗaya da har yanzu ake jin kunyar yin ha'inci a cikinta, kuma ni wannan ya ishe ni.

Daga kan bencin na kira Bulus. Na ce, "Yaya, na ga dokin Baba. Gara da hannunka ya ƙi."